Dalar Masar da Bangon Makarantar Rusaifa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai, wanda ya ajiye kowane abu a kan ma'auninsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Mai girma shugaban wannan taro, uban ƙungiyarmu, kuma ubana ta wajen aure, wanda al'ada ba ta bar bakina ya kama sunansa ba. Malam Yunus, limamin unguwarmu. Shugaban ɗalibai, Malam Abdulquddus, da 'yan kwamitinsa. Malama Safiyatu, shugabar makarantar yaranmu ta unguwar Rusaifa, da sauran iyayenmu mata da ke sauraro ta bayan labule. Malamai da ɗaliban ilimi, 'yan kasuwa, direbobi da magina, masu iƙama, wato takardar izinin zama, da waɗanda Allah bai kawo musu ita ba tukuna: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina godiya ga ɗalibai da suka kama mana wannan zaure a Aziziyya, nan garin Ka'aba mai alfarma, suka shimfiɗa darduma, suka dafa shayi. Ina godiya kuma da suka tuna akwai wani muhandis, wato injiniya, a cikin jama'arsu, mai yini cikin ƙurar siminti, suka ce ya zo ya yi magana a inda aka saba jin malaman fiƙihu da nahawu. Batun da suka ɗora mini shi ne: wane irin lissafi ne mutanen Masar na dauri suka buƙata kafin su tsara dalarsu? Na karɓa, domin a Alƙahira na ƙarasa karatuna, na je na ga gine-ginen da idona, na taɓa duwatsun da hannuna.

Amma ba zan yaudare ku ba. Jawabin zai fara a Masar, zai ƙare a Rusaifa. Kowa a nan ya san ranar Asabar mai zuwa za a zuba kankare a saman makarantar yaranmu, don a ɗora ajin 'yan mata a bisa. Ni ina ganin bangon ba zai ɗauka ba. Sau biyu na aika wa Baba shugaba da wannan magana ta bakin Malam Yunus, domin suruki ba ya tsayawa gaban surukinsa ya ce masa a'a. Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi, shi ya sa na faɗa tun yanzu, don kada wani ya ce na lallaɓo ta bayan gida. Ku ba ni hankalinku mu yi lissafin tukuna, sa'an nan ku yi hukunci.

Abu na farko da mai gina dala yake buƙata shi ne ma'auni guda. Mutanen Masar da kamu suke awo, kamar yadda kakanninmu suke auna ƙyalle, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. To amma kamuna ba kamun Malam Abdulquddus ba ne, ku dubi tsawonsa ku dubi nawa. Idan mutum dubu suna sassaƙa dutse, kowa da kamun hannunsa, ba dala za a samu ba, tsibi za a samu. Saboda haka suka yanke kamu ɗaya na hukuma, suka zana shi a jikin sanda, suka raba shi tafi bakwai, kowane tafi faɗin yatsu huɗu. Daga ranar, hannun magini ya daina zama hujja, sanda ta zama hujja.

Abu na biyu, daidaita ƙasa da gane jiha. Babbar dalar Giza kamu ɗari huɗu da arba'in ce a kowane gefe, amma tudun gindinta daga wannan kusurwa zuwa waccan bambancinsa bai wuce faɗin yatsa ɗaya ko biyu ba. Yaya suka yi? Masana ba su haɗu a kan amsa ɗaya ba. Wasu sun ce ruwa suka kwarara a cikin ramuka suka bi samansa, domin ruwa ba ya kwanciya a karkace. Wasu sun ce katako ne mai ƙafa biyu da igiya mai dutse a rataye. Ni ban kasance a wurin ba, ba zan rantse muku ba. Abin da aka auna aka tabbatar shi ne, gefunan dalar suna fuskantar arewa da kudu da gabas da yamma, kuskuren bai kai kashi ɗaya bisa goma na digiri ba. Ko da taurari suka yi, ko da inuwar rana, sun duba ne, ba sabo suka bi ba.

Na ce ba sabo suka bi ba don na tuna da kawuna Isa, Allah ya ji ƙansa. Shekarar da ya zo aikin hajji a nan Aziziyya aka sauke su. Asuba ta yi, ya leƙa taga ya ga inda gari ke haske, ya shimfiɗa darduma ya ta da kabbara, kamar yadda ya yi shekara sittin a Kano. Da ya sallame, abokin ɗakinsa ya ce masa, "Malam Isa, ai Ka'aba ka ba wa baya." Ya ce, "Kai, tafi can! Tun kafin a haife ka nake fuskantar gabas." Sai da aka hau da shi saman bene aka nuna masa hasumiyoyin Harami a bayansa. Ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya sauko ya sake sallarsa. Kawu bai yi ƙarya ba, a Kano gabas ce alƙibla. Wurin ne ya canza, shi bai duba ba.

Abu na uku, ɗaliban fiƙihu, wannan naku ne, ku daina hamma. Mutanen Masar ba sa rubuta kaso yadda muke rubutawa a yau. A wurinsu kaso ɗaya ne daga cikin kaza: rabi, sulusi, rubu'i, sudusi, sumuni. Idan suna son uku bisa huɗu sai su ce rabi da rubu'i. Wanda suka ware suka ba shi alamarsa a aikin yau da kullum shi ne sulusi biyu. Duk wanda ya zauna gaban malamin gado ya san waɗannan sunaye kamar sunayen 'yan gidansu. Ban ce wani ya ɗauko daga wani ba, kada gobe a ce muhandis ya yi fatawa. Na ce dai wanda ya iya raba gado ba shi da uzurin cewa lissafin gini ya fi ƙarfinsa. Ninkawa ma da ruɓanyawa suke yi, biyu, huɗu, takwas, sai su tara waɗanda suke so. Kuma in yi adalci: takardun da muka ga wannan lissafi a ciki an rubuta su ne ɗaruruwan shekaru bayan gina manyan dalolin, daga gare su muke hasashen abin da magina na farko suka sani.

Abu na huɗu shi ne zuciyar maganar, wato gangara. Dala tana da fuska huɗu, kuma dole su haɗu a tsini ɗaya can sama, inda babu wanda zai iya kafa ƙusa ya ɗaura igiya tun kafin a fara. Idan fuskar arewa ta ɗan fi ta kudu miƙewa, ba za a gane ba sai an yi shekaru ana aiki, ranar da gyara ba zai yiwu ba. Tun ranar gini ranar zane. To ga dabararsu, kuma wallahi tana burge ni har yau. Ba su ce wa magini digiri kaza ba. Sun ce masa: duk lokacin da ka hau kamu ɗaya, ka ja da baya tafi kaza. A babbar dala, rabin gindi kamu ɗari biyu da ashirin ne, tsawo kamu ɗari biyu da tamanin. Ka raba na farko da na biyu, ka mayar da shi tafi, za ka samu biyar da rabi. Shi ke nan. Hau kamu ɗaya, ja baya tafi biyar da rabi. Maginin da ke arewa bai taɓa ganin na kudu ba, amma idan kowannensu ya riƙe wannan magana guda, a sama za su gamu.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Baba shugaba da bakinsa ya sha ba mu labari cewa yana saurayi ya ɗauki buhu a dalar gyaɗa ta Kano. Ya san ba a jera sahu na biyu daidai bakin na farko, sai an ja shi ciki. Ya san wanda ya jera buhu a miƙe kamar bango, kafin la'asar zai kwashe su a ƙasa. Ni a littafi na karanta, shi a kafaɗarsa ya ɗauka.

Abu na biyar, nauyi. Dala sulusin akwatin da zai rufe ta ce, wato idan ka san faɗin gindi da tsawo, ka san yawan dutsen da za a fasa da yawan bakin da za a ciyar. Amma ga abin da nake so ku riƙe: idan ka yanka dala a tsakiyar tsawonta, rabin sama sumuni ne kawai na dukan nauyin, irin rabon matar da mijinta ya rasu ya bar 'ya'ya. Sauran kashi bakwai duk suna ƙasa. Mai nauyi a ƙasa, marar nauyi a bisa. Mai faɗi a ƙasa, siriri a bisa. Ba tsafi ne ya tsayar da ita fiye da shekara dubu huɗu ba, wannan ne.

Yanzu kada ku ɗauka ba su taɓa kuskure ba. A Dahshur, kudu da Alƙahira, akwai wata dala da duk wanda ya gan ta sai ya yi murmushi, domin a tanƙware take. An fara ta da tsayi mai tsanani, ja baya wajen tafi biyar a kowane kamu. Da aka kai kusan tsakiya, sai gangarar ta canza, ta koma wajen tafi bakwai da rabi, ginin ya kwanta. Yawancin masana suna ganin tsagewa aka gani a ciki, ƙasar wurin ta fara zama saboda nauyi, domin har yau akwai itatuwan da aka tokare ɗakin ciki da su, da wuraren da aka cike tsaga. Ba mu san sunan wanda ya je ya faɗa wa sarki ba, ba mu san kalmomin da ya zaɓa ba. Abin da muka sani shi ne an saurare shi. Sarkin ya yarda kabarinsa ya fito a karkace kowa yana gani, kuma dalar da ya gina bayanta tun daga tushe da gangara mai sauƙi aka fara ta. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, ga ta nan tsaye har gobe.

Wani zai ce, me ya haɗa mu da kabarin Fir'auna, mu da muke gina wurin karatun Alƙur'ani? Niyya ta bambanta, lada ya bambanta, wannan babu shakka. Amma Allah bai yi wa siminti doka biyu ba, ɗaya ta masu kyakkyawar niyya, ɗaya ta azzalumai. Nauyi ƙasa yake nema a Giza, ƙasa yake nema a Rusaifa.

To mun iso gida. Amsar da Malam Yunus ya kawo mini daga Baba ita ce: "Ka gaya wa yaron nan, gidan mahaifina a Kano bene ne na ƙasa, ya haura shekara ɗari yana tsaye, kuma ba muhandis ne ya zana shi ba." Baba ya yi gaskiya, na shiga gidan, a zaurensa aka ɗaura mini aure. Amma na kuma ga bangonsa. A gindi ya kusa kamu biyu kauri, yana hawa yana sirancewa, har a sama ya koma abin da hannu zai dafa. Maginan Kano da suka yi shi, ba tare da sun ji sunan Masar ba, hawa suke suna ja da baya. Wancan bango an haife shi ne don ya ɗauki bene.

Bangon makarantarmu kuwa bulo ne mai rami, kaurinsa tafi biyu daga ƙasa har sama. Babu ginshiƙi a cikinsa ko ɗaya. An yi shi ne don ya riƙe kwano, kuma ya riƙe shi da amana. Tushensa a kan cikon ƙasa yake a gefen dutse, ba a kan dutsen ba. Kankaren da za a zuba ranar Asabar, na lissafa shi, nauyinsa ya kai na babbar bas ɗin alhazai cike da mutane, irin waɗanda kuke gani jere a Muzdalifa. Wannan kafin a ɗora bulo ɗaya na ajin sama, kafin yarinya ɗaya ta hau da allonta. Mun ɗauki dala mun kifa ta, sirantarta a ƙasa, nauyinta a bisa.

Ban zo da zato kaɗai ba. Bayan ruwan da aka yi kwanakin baya, Malama Safiyatu ta kira ni ta nuna mini tsaga a bangon da ke kallon kwari. Tsaga iri biyu ce, akwai wadda ta mutu, akwai mai rai. Yadda ake gane su kuwa ba wuya: na kwaɓa jibs, farin garin nan da ake gyara silin da shi, na shafa a kan tsagar, na bar shi ya bushe. Idan bango ya tsaya, jibs zai zauna lafiya. Shekaranjiya na koma, na tarar ya rabe biyu. Bangon tafiya yake yi, tun ba a ɗora masa komai ba. Duk mai shakka ya biya ta can bayan magariba ya sa yatsansa a ciki.

Ba na zargin Malam Issoufou da yaran aikinsa. Magini ne na ƙwarai, abin da aka ce ya yi shi yake yi. Ba na kuma zargin niyyar Baba, Allah ya kiyaye. Kowa ya san dalilinsa. 'Yan matanmu da ba su da takarda ba su da wata makaranta a garin nan sai wannan, ajin ya cika, ana mayar da wasu gida, shi kuwa ya rantse ba za a sake mayar da 'yar kowa ba yana raye. Shi ya bi gida gida, shi ya tsaya a rana ana sauke yashi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, na yarda da wannan a sha'anin mutane da zaman duniya. A sha'anin bulo kuwa, wannan ɗaya ce tak da aka tura ni makaranta na koyo.

Wani ɗalibi ya ce mini, "Muhandis, ka kai maganar baladiyya, hukumar gari, mana, khalas, su za su hana." Ba zan kai ba. Na san waɗanda za a kwasa idan hukuma ta zo, na san gidajen da za su kwana babu uba, na san kuma makarantar rufe ta za a yi gaba ɗaya. Wannan magana tamu ce, a cikin zauren nan za ta ƙare.

Ga abin da nake roƙo. Kada a zuba kankare ranar Asabar. A fitar da yara daga ajin da ke gefen kwari tun gobe da safe. Tsakar gidana a buɗe take, Malam Yunus kuma ya ce harabar masallaci tana nan. Sa'an nan a ba ni dama in tona gefen bango, mu kafa ginshiƙai masu tushensu a kan dutse, su ɗauki benen, bango ya huta. Zan zana, zan tsaya a kan aikin kullum bayan na tashi daga wurin aikina, ni da Malam Issoufou. Zai ja lokaci, ba zan ɓoye ba, 'yan mata za su ƙara wata da watanni suna jira, kuma na san kowace rana a cikinsu za ta yi wa Baba ciwo.

Baba, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Tun da ka ba ni 'yarka ban taɓa haɗa ido da kai ba, ban taɓa cin abinci a inda kake ba, ban taɓa mayar maka da magana ba. Yau na yi ta a gaban jama'a, kuma kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na san abin da ake cewa da surukin da ya yi haka, na san wataƙila ƙofar gidanka ta yi mini nauyi daga yau. Tsoro ne ya kawo ni, ba raini ba. Jikarka Mujahida a gindin wannan bango take zama, ita da 'ya'yan mutanen da ke zaune a gabanka.

Da safiyar nan na gaya wa mahaifiyarta cewa na fasa, zan yi maganar Masar kawai in sauka, in sake aika Malam Yunus karo na uku. Tana nan bayan labule, tana jina, idan na ƙara a kan maganarta ta musa. Ta ce mini: "Ka je ka faɗa. Idan Baba ya yi fushi, ni zan je in durƙusa. Gara in yi shekara a ƙofarsa ina ba shi haƙuri, da in zauna kwana uku a kan tabarma ni da shi ana yi mana gaisuwa."

Ba ni da abin da zan ƙara a kan wannan. Hukunci yana hannunka, Baba, da hannun dattawa.

Allah ya tsare mana 'ya'yanmu, na ajin ƙasa da waɗanda ke jiran ajin sama. Allah ya saka wa Baba da alheri a kan abin da ya gina da abin da yake nufin ginawa, ya sanyaya zuciyarsa a kaina. Allah ya ba ɗalibanmu ilimi mai amfani, ya buɗa wa masu neman takarda, ya rufa wa kowa asiri a wannan gari mai alfarma. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya ji ƙan magabatanmu, ya mayar da kowa gidansa cikin aminci.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah. Na gode.